Lambun da Shuka Ba Ta Mutuwa

Ƙanena, autanmu, ya tsufa yana koyar da yara a firamare, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa ɗan kowa murya ba. Mutane suna faɗin haka don su yabe shi. Ni da na goya shi har bayana ya yi kanta, na san ba haƙuri ba ne kaɗai. Tsoro ne. Mutumin nan yana tsoron hawayen yaro fiye da yadda nake tsoron maciji.

Ina da teburin alawa da biskit a bakin ƙofar makarantar da yake aiki. Katangar ta zube ta gefen da nake zama, an ce za a gyara tun haƙorana suna cike, don haka duk abin da ake yi a bayan azuzuwa a idona ake yin sa. Yara suna kirana Kaka Mai Alawa. Shi kuma suna ce masa Malam Lambu, har iyayensu ma sun manta yana da wani suna. Ni dai Auta nake ce masa, ko a gaban hedimasta ne, shi kuma ya ce Yaya, ya sunkuyar da kai da furfurarsa.

Abin ya samo asali tun muna yara. Babanmu manomi ne mai zafin rai. Ranar da aka fara ba Auta 'yar fartanya, bai fi tsayin turmi ba, aka nuna masa layin masarar da ta tsiro aka ce ya cire ciyawa. Yaro ya duƙa da himma, ya share layin tas, ciyawa da masara duka, ya taho yana washe baki a yaba masa. Baba bai dake shi ba. Da ma dukan ya yi. Sai ya sa shi ya tsince tsiron da ya sare ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gaban rigarsa, ya riƙo har gida, kuma duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya nuna masa ya ce, "Ni na kashe." Ni na wanke rigar. Koren bai fita ba.

Aka sa shi makaranta, ya yi karatu, ya zama malami, ya yi aure, 'ya'yansa suka girma suka watse. Na ɗauka ya rabu da ƙasa ke nan. Sai wata shekara na hango shi a bayan aji uku, inda ake jibge karyayyun bencina da tsofaffin alluna, yana kwashe su shi kaɗai. Ya tsince kwalabe da ƙusoshi, ya roƙi taki a wurin masu awaki, ya ja tiyo daga famfon makaranta. Ya yanka wurin fangali-fangali, kowanne kamar faɗin ƙaramar tabarma, ya ce duk ɗan aji uku yana da nasa. Kowa ya kafa sanda ya ɗaura tsumma mai launin da zai gane.

Kuma ya iya aikin, kada wani ya ce na rage masa. Yaran nan 'ya'yan direbobi ne da teloli da masu shago, wasu sun ɗauka tumatir a cikin kwando yake tsirowa. Zai durƙusa a tsakiyarsu ya ɗebo ƙasa ya ce su shinshina. Zai tono tana ya ɗora a tafin hannun wanda ya fi ihu, har yaron ya daina rawar jiki. Yana koya musu cewa rami iyakar gaɓar yatsa ta farko ne, ruwa da safe ne, gwangwani guda, sannan a ɗauke hannu a bar ƙasa ta yi nata aikin. Amma a hankali yake faɗa, sau ɗaya, kamar mai neman alfarma. Yaro kuwa ba ya jin magana sai abin ya taɓa shi.

A lambun Auta babu abin da yake taɓa kowa. Shuka ba ta mutuwa a wurin. Yaro zai tattake alayyafonsa da takalmi, washegari ya tarar da shi a tsaye kore shar. Wata za ta manta da ban ruwa har ƙasa ta tsage, ta dawo ta ga tumatirinta yana murmushi. Hedimasta yana cewa ƙasar ce mai kyau.

Ƙasar tana bayan ɗakin Auta, a cikin gwangwanayen madara. Gida ɗaya muke, tagata tana kallon wurin. Duk abin da yara suka shuka a makaranta, shi ma ranar zai shuka irinsa a gwangwani, su taso tare. Da sassafe, kafin mai gadi ya gama shara, sai ya fita da bokiti a rufe da buhu. Ya bi fangali-fangali, inda ya ga tsiro ya langaɓe ya tone shi da ƙasarsa, ya zare mai rai daga gwangwani ya dasa a gurbin, ya shafe wurin da tafin hannu. Waɗanda ya cire ba ya iya zubar da su. Akwai wani lungu bayan sito, tsakanin bango da tankin ruwa, can yake kai su ya sake binnewa. Asibiti yake kiran wurin. Wasu su farfaɗo, yawanci su tafi.

Na yi masa magana har bakina ya gaji.

"Auta, wannan ba koyarwa ba ce, sata ce."

"Me na sata, Yaya? Ƙari nake yi."

"Ƙarya kake dasawa a gonar 'ya'yan mutane."

"Ƙanana ne. In abin ya mutu musu a karon farko, sun tsani ƙasa ke nan har abada. Bari su fara so tukuna, sauran zai zo."

"Yaushe? Ranar da za ka bi su gidan aure da bokitinka?"

Ya yi dariya, ya ɗauki bokiti ya fita. Haka muke yi kusan kullum, kamar gaisuwa.

Sai shekarar da Tsinke ta shiga aji uku. Yarinya ce siririya, shi ya sa ake kiranta haka, ga idanu ga rawar kai, ba ta tafiya sai gudu. Ubanta bakanike ne a bakin titi. Kakarta, uwar bakaniken, ƙawata ce tun muna da ƙarfin faɗa a bakin famfo. Tsinke tana son lambu kamar ranta, kuma son nata mai kisa ne. In aka ce gwangwani guda, ita bokiti za ta juye, ta dawo lokacin hutun tara ta ƙara, ta ƙara kafin a tashi. Rami kuwa sai hannunta ya nutse. Sannan ba ta iya jira, kullum sai ta sa yatsa ta tono irin ta duba ko ya farka, ta mayar. Babu fangalin da Auta ya yi wa dashe kamar nata. Da yake kullum sabo ake sa mata, nata ya fi na kowa kyau. Yara suka fara ce mata mai hannun albarka. In baƙi sun zo, wurinta hedimasta yake kai su, ta tsaya tana bayani da hannu a ƙugu.

"Sirrin shi ne ruwa," in ji ta. "Da yawa."

Auta yana tsaye a baya yana kallon takalminsa.

Ƙawata tana da wata kwalba a ɗakinta, a kan kabad, bayan kwanonin da ba a ci da su. Wake ne a ciki, irin na mijinta marigayi. Ba irin na kasuwa ba ne: baƙi ne da ɗigon fari kamar bayan zabuwa. Da shi suka taso daga gonarsu lokacin da suka dawo gari, gonar ta tafi, mijin ya tafi, waken ya rage. Duk damina tana shuka shi a wani ɗan siririn fili tsakanin bangon bayi da katanga, ba don ci ba, don kada irin ya mutu. In ya bushe ta ɓare, ta zuba toka, ta cika kwalba, ta toshe. Na sha yi mata tsiya cewa ta fi kula da waken fiye da yadda ta kula da mai waken. Sai ta ce waken ba ya munshari.

Gab da damina Auta ya ce kowane yaro ya kawo iri daga gida. Tsinke ta dami kakarta har ta tsakuro mata 'yan ƙwayoyi daga kwalbar. Ta binne su a makaranta irin binnewarta, ta yi musu wanka. Uku suka leƙo, farare fat, a lanƙwashe. Auta ya kai su asibiti, ya sa mata waken kasuwa daga gwangwani. Ganyen wake duk ɗaya ne a ido. Bai san na kwalbar nan ba ne, bai kuma tambaya ba, wannan ita ce gaskiya.

Ba a jima ba ƙawata ta zame a bakin famfo ta karya ƙugu. Aka kwantar da ita a asibitin mutane, ruwa kuma ya sauka. Duk wanda ya je dubiya, maganarta ɗaya: damina za ta wuce, wakenta yana kwalba, in ya tsallake shekara ƙwari za su cinye shi ko ya ƙi tsirowa. Bakanike ya ce, "Inna, ki ji da ƙashinki." Tsinke tana gefen gado tana ji.

Yarinya mai hannun albarka. Me kuke tsammani za ta yi? Ta taka kujera ta sauko da kwalbar. Ba ta rage ko ƙwaya ba, don tana so kakarta ta dawo ta tarar da daji. Ta haƙa ramuka masu zurfi a ɗan filin nan da ruwan sama yake kwanciya, ta binne, ta bi da bokiti safe da rana da yamma, tana tonowa tana dubawa. Ba ta gaya wa kowa ba, so take ta ba su mamaki.

Wari ne ya tona. Bakanike ya zagaya baya ya tarar da taɓo, ya sa hannu ya ɗebo, waken ya narke ya zama kamar majina. Ya shiga ɗaki ya ga kwalba wayam. Ba mugun mutum ba ne, amma ya gaji, ga jinya ga aiki. Ya riƙo kafaɗar 'yarsa da hannunsa mai baƙin mai ya ce, "Abu ɗaya da ya rage na ubana, kin kashe shi." Maƙwabta sun ji. Ni a bakin matarsa na ji.

Tsinke ta daina gudu. Ta wuce teburina ba ta ko kalli alawa ba. Na kira ta na miƙa mata, ta ce ta ƙoshi. Yarinyar da ke iya cinye jarina in na juya baya.

Sai wata safiya ga ta a guje kamar da, jaka tana dukan bayanta. Auta yana tsaye kusa da ni, bokitinsa a ƙasa, ya riga ya gama zagayensa.

"Malam! Kaka! Ai bai ƙare ba! Na manta, akwai a fangalina! Waken kakana ne na shuka a nan, ga shi can har ya fara yaɗo! Na gaya wa Inna jiya, ta yi kuka, ta ce Allah ya yi mini albarka. Baba ma ya ce in ya bushe shi zai kawo ta da kansa ta gani."

Ta shige. Na juya na kalli ƙanena. Fuskar nan na san ta. Rabona da ita tun ranar da ya riƙo masara a gaban riga.

"To, Malam Lambu," na ce. "Ga girbinka ya fara fure."

Ya ɗauki bokitin, ya ajiye, ya sake ɗauka.

Na ce ya je ya faɗa a ranar. Ya ce tsohuwa tana kwance, labarin zai ƙara mata ciwo. Da aka sallamo ta na ce ya je. Ya ce a bari ta fara takawa. Dalili ba ya ƙare wa mai jin tsoro. Abincinsa ya riƙa dawowa a rufe, matarsa ta zo tana tambayata ko wani ciwo yake ɓoye mata. Na ce ciwo ne, amma ba na likita ba.

Duk zuciyarsa ta koma lungun nan na bayan sito. Akwai wake da ya farfaɗo a wurin, ya hau tanki ya sarƙe, na yara daban-daban, ba alama, ba a san na wane ba ne. Ya kewaye shi da ƙaya, ya riƙa tsince masa tsutsa da hannu, yana kwana da shi a rai yana tashi da shi. Wata rana da yamma na same shi a can yana ɗaga ganye yana leƙa kwanso.

"Yaya, nata uku na kawo nan. Ko ɗaya ya rayu, an tsira."

"In ya rayu sai ka yi yaya?"

A hankali ya ce, "Sai in tsinko kwanson in zuba a ƙarƙashin nata. Kamar ya faɗo ne."

Na riƙe haɓa. "Auta! Ramin da ka faɗa, shi kake ƙara wa zurfi? Wato har yanzu bokitin ne a kanka."

"To me zan ce mata? In ce duk abin da take alfahari da shi ƙarya ne?"

"Yanzu me take ce wa kanta? Cewa take ita ta kashe. Rigar da Baba ya sa ka riƙe, ita ka sa wa 'yar mutane, kai kuma kana gefe da hannu mai tsabta."

Na san maganar ta shige shi, don sai da ya dafa tanki. Na yi niyyar ta shiga.

Waken asibiti ya riga na Tsinke bushewa. Ya kira ni in tsaya kusa. Ya shimfiɗa buhu, ya riƙa fasa kwanso ɗaya bayan ɗaya. Fari. Fari. Ja. Wani ruwan ƙasa. Ya fasa har waɗanda ba su gama bushewa ba, ya bi ƙasa yana tonon waɗanda suka zube. Babu baƙi mai ɗigo ko ɗaya. Ya zauna daɓas a kan buhun, babban mutum da furfura, wake ya kewaye shi. Na tattara waken na ƙulle masa.

Ranar girbin aji uku, iyaye suka zo kamar yadda ake yi. Bakanike ya kawo uwarsa a bayan babur, ya sauke ta kamar ƙwai, aka ba ta kujerar hedimasta a bakin fangalin Tsinke. Kwalbar tana cinyarta, ta wanke ta tana ƙyalli. Na bar teburina na tsallaka ta inda katanga ta zube. Tsinke ta tsinko kwanso mafi tsawo, ta miƙa wa kakarta da hannu biyu.

"Inna, ke za ki fara fasawa."

"Dakata," in ji Auta.

Muryar ta fito da ƙarfi har shi kansa ya firgita. Ya zo ya durƙusa a cikin ƙasa, gwiwa biyu, da wandonsa na zuwa aiki, yadda idonsa zai daidaita da na yarinyar.

"Tsinke, wannan ba waken kakanki ba ne. Na kasuwa ne. Wanda kika shuka ya lalace tun yana ƙarami, saboda ramin ya yi zurfi, ruwan ya yi yawa. Ni na cire shi da safe ba ki zo ba, na sa miki wannan. Ban gaya miki ba."

Yarinyar ta kalle shi, ta kalli kwanson.

"A'a, Malam. Ni na shuka."

"Kin shuka. Ni na canza."

Ƙawata ta sa farce ta fasa kwanson. Farin wake ya zubo a zaninta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Alayyafona fa?" in ji Tsinke. "Na lokacin zafi?"

"Shi ma."

"Tumatirin da aka nuna wa baƙi?"

"Shi ma. Naki na fi canzawa. Da na bar na farko ya mutu a idonki, da kin san ruwa yana kisa, da ba ki yi wa na gida haka ba. Abin da na nuna miki shi kika yi. Ba ke kika kashe waken kakanki ba. Ni ne."

Wani yaro mai ƙaton kai daga baya ya ɗaga hannu. "Malam, nawa fa?"

"Naka sau biyu."

"Ni fa? Ni fa?" Wuri ya kaure. Wata 'yar lukuta ta ce ita da ma ta yi mamaki, don ta taɓa zama a kan nata. Wasu iyayen suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da suka dubi tsohuwa.

Sai Tsinke ta fashe da kuka. Kuka na gaske, mai shessheƙa, irin wanda Auta ya yi shekara da shekaru yana dashe don kada ya ji. Na ga hannunsa ya tashi zai lallashe ta, bakinsa ya buɗe zai yi mata wani alkawari. Na yi gyaran murya. Ya mayar da hannun kan gwiwarsa, ya tsaya a wurin ya ji kukan har ƙarshe.

Bakanike ne ya ɗauke ta. Ya rungume ta yana cewa, "Ni ma na faɗi abin da bai kamata ba, uwata. Bakina ne, ki yafe wa Baba." Idonsa ya yi ja, yana ta goge mata fuska yana shafa mata baƙin mai.

Auta ya ja gwiwa zuwa gaban ƙawata. "Inna, ban da abin cewa."

"To kada ka ce," in ji ta. Ta kakkaɓe farin waken daga zaninta. "Mai shi ma ya tafi, ban bi shi ba. Amma Malam, da ka faɗa tun ina kwance, da kuka ɗaya zan yi. Yanzu ka sa na yi biyu." Ta toshe kwalbarta, ta ce wa ɗanta ya kai ta gida.

Wannan maganar ta ishe shi har yau.

Gwangwanayen bayan ɗaki ya kwashe su ya ba masu sayen gwangwani. Yanzu shuka tana mutuwa a lambun makaranta kamar ko'ina. Yara suna kuka, ina jiyo su daga teburina. Sai in hango shi a tsaye, hannayensa biyu a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya kamar ya kama ɓarawo. In yaro ya gama, sai ya durƙusa su tono mataccen tare, su duba saiwar, ya tambaye shi me yake gani ya faru. Sannan ya ba shi wani irin. Hedimasta ya daina kawo baƙi, wai ƙasar ta gaji.

Abin da bai daina ba shi ne neman waken. Duk ranar da babu makaranta yana kasuwar hatsi, yana bin buhu-buhu. Ya roƙi direbobin manyan motoci su duba masa a garuruwan da suke zuwa. In ya samu wani baƙi mai ɗigo, sai ya ƙulle a hankici ya kai wa ƙawata. Ta sa a tafin hannu, ta kai kusa da ido, ta juya.

"Ba shi ba ne, Malam. Namu ɗigonsa ya fi ƙanƙanta."

Ya yi godiya ya tashi. Na ce masa ya haƙura, ita ma ta ce masa ya haƙura. Ya ce to. Sati na zagayowa ya sake fita.

Tsinke ta wuce aji huɗu, ba ta da fangali kuma. Ta daɗe ba ta gaishe shi ba, in ta hango shi sai ta canza hanya, shi kuma bai bi ta ba. Da damina ta sake zuwa, sai ga ta a bakin lambu, ta tsaya daga nesa.

"Malam, gaɓar yatsa ta farko ka ce?"

"Ta farko."

"Ruwa fa, in sama ta yi?"

"In sama ta yi, ke ki huta."

Ta tafi. A ɗan filin nan na bayan bayi ta shuka farin waken da aka tsince daga fangalinta. Na farko ya mutu, don ba ta iya hana yatsanta tono ba. Ta sake. Ƙawata ta zauna a bakin ƙofa da sandarta, duk lokacin da yarinyar ta nufi wurin da bokiti sai ta ɗaga sandar. Na biyun ya tashi, ba da yawa ba, tsutsa ta ci rabi.

Na je gidan bayan an ɓare. Kwalbar tana kan kabad, a wurinta, bayan kwanoni. Farin wake ne a ciki da toka, bai ko kai rabi ba.

Na ce, "Wannan ai na kasuwa ne, ƙawata. Kwano guda nawa yake?"

"Na jikata ne," ta ce. "Sauke hannunki."

Da na dawo gida na ba Auta labari. Yana zaune a bakin ƙofarsa yana ɗaure igiyar takalmi. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya goge ido da bayan hannu. Sannan ya laluba aljihu ya tabbatar hankicinsa yana nan, ya ce wani direba ya dawo daga tafiya mai nisa, bari ya je ya ga abin da ya kawo.